Filin Tambaya da Amsa: Flanja ta Analog ko ta Dijital, Wacce ta Dace da Mai Jita a Legas?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan feda ɗaya suka taru (feda dai ɗan akwatin nan ne da mai jita ke takawa da ƙafa ya canza sauti), wato flanja, wannan da take sa jita ta riƙa yin shuuuu tana hawa tana sauka, to sai naga gara mu bar mata filin gaba ɗaya. Masu tambaya kan tsirkiyar da ke yawan tsinkewa ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu. Wasu saƙonnin na rage musu tsayi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni a Agege nake, ina kaɗa jita irin salon 'yan Agadas a wajen biki da suna, mu huɗu ne harda mai ganga da mai bes. Na ɗan tara kuɗi inaso in sayi flanja, naje Alaba an nuna min guda biyu duk na kamfanin Boss, ɗaya BF-2 tokumbo duk fentin ya goge ɗayar kuma BF-3 mai ɗan kyan gani, abin mamaki wai tsohuwar ce ma tafi tsada. Abokina yace kar in kuskura in taɓa dijital wai sautinta roba ne, analog ce ta gaske. Dan Allah haka ne? Kuɗin feda ɗaya ne dani.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokin naka ba ƙarya ya shara maka ba, sai dai maganar tasa ta kwana biyu, magana ce ta lokacin da dijital take rarrafe, yanzu kuwa ta miƙe da ƙafarta. Amma bari mu fara da abin da fedar take yi tukuna, don in ka gane shi ba mai sake ruɗa ka a kasuwa.

Flanja ba siddabaru take yi ba. Sautin jitarka take rabawa biyu, ɗaya ya wuce kai tsaye, ɗayan kuma ta ɗan riƙe shi na wani lokaci ƙanƙani, daga ƙasa da milisakan 1 zuwa wajen milisakan 10, sannan ta haɗe su su fita tare. Milisakan ɗin nan fa sakan ɗaya ne aka raba dubu, saboda haka kunne baya jin sauti biyu, ɗaya yake ji, amma da yake ɗayan ya makara sai wasu muryoyin cikin sautin su cinye juna wasu kuma su ƙara wa juna ƙarfi. Inda suka cinye juna ɗin nan shi ake kira rami. In jinkirin milisakan 1 ne, ramin farko yana faɗawa a 500Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar murya ne), na biyu 1500Hz, na uku 2500Hz, haka dai har sama da tazara iri ɗaya. Sai fedar ta riƙa ƙara jinkirin tana rage shi a hankali, ramukan nan su yi ta hawa suna gangarowa, shine wannan ƙarar jirgin da kake ji, kai da kake Agege ba sai an kwatanta maka ba tunda jiragen Ikeja ta kanku suke bi safe da yamma.

A shekarun 1960 babu wata fedar flanja, a situdiyo ake yin abin da injin tef guda biyu masu ɗauke da sauti ɗaya, injiniya ya ɗora yatsa a gefen faifan ɗaya ya ɗan rage masa gudu, ya saki, ya koma kan ɗayan. A 1969 ne wasu injiniyoyin kamfanin Philips a ƙasar Holan, Sangster da Teer, suka ƙirƙiro wata aisi, wato ɗan guntun kayan lantarkin nan mai ƙafafu, da ake kira BBD, kuma ita ce zuciyar duk wata flanja ta analog har gobe. Yadda take aiki kamar leburori ne ranar zuba dakin, sun yi layi daga ƙasa har saman bene ana miƙa kwanon kankare hannu zuwa hannu, kafin ya isa sama an ɗauki lokaci, kuma ko yaya sai an ɗan zubar a hanya. Aisin da ke cikin BF-2, wato MN3207 ta Panasonic, hannaye 1024 gareta. Akwai wata ƙaramar aisi a gefenta mai ba da umarnin miƙawa, in ta yi sauri jinkirin ya ragu, in ta sassauta ya ƙaru. To wannan zubarwar da ake yi a hanya, ita ce duk sirrin da ake ta yabo. Saman sautin yana ɗan dusashewa, ga kuma matata da aka sa gaba da baya don kar ƙarar umarnin miƙawar ta fito a sifika, ita ma tana ƙara aske kaifin, in ka buga da ƙarfi kuma aisin ta ɗan shaƙe kaɗan. Shine mutane ke cewa analog tana da ɗumi, tana da taushi. A gaskiya gazawa ce ta kayan, amma gazawa mai daɗin ji, kuma da ita aka yi sautin da duniya ta saba dashi tun tsakiyar shekarun 1970 lokacin da Electro-Harmonix suka fito da Electric Mistress, MXR suka fito da tasu, A/DA ma ta biyo a 1977, sannan Boss ta kawo BF-2 a 1980.

Dijital kuwa sautin take mayarwa lambobi, 'yar kwamfutar ciki ta yi lissafin jinkirin, sannan a maida shi sauti. Ba abin da ke zubewa a hanya, abin da ka bata shi take dawo maka dashi da duk kaifinsa. Na farko-farkon sun sha zagi saboda haka, ana cewa sautinsu ƙarfe-ƙarfe ne yana soke kunne, kuma da gaskiyar masu faɗa. Amma daga baya masu ƙerawa suka koyi sa wannan dusashewar da gangan cikin lissafin, irin su Strymon Orbit da TC Electronic Vortex duk dijital ne kuma in aka rufe maka ido aka kunna a cikin kiɗa ba lallai ka ware su ba. BF-3 da aka nuna maka ta fito a 2001 ita ta gaji BF-2, tana da ƙofar shiga ta jita daban ta bes daban, tana fita sitiriyo, zaka iya taka ta da ƙafa ka saita gudunta daidai da ganga, ga wasu salo da tsohuwar bata dasu sam.

Yanzu ga abin da nake gani. In a ɗaki kake kai kaɗai da amf mai kyau, wato na'urar ƙara sautin jita, ba hayaniya, ka jera su biyun, zaka ji bambanci, BF-2 tafi zama lub a cikin sautin, BF-3 tafi fitowa fili da haske. Amma kai a ina kake kiɗa? A filin biki, ƙarƙashin kanofi, janareta na ruri a baya, sifikun haya waɗanda Allah kaɗai ya san wahalar da suka sha, mata na guɗa, mai ganga baya tausayin kowa. Wallahi a wannan wajen ko wanda ya ƙera fedar ba zai faɗa maka wacce ce a ƙasa ba. Kuma salon ku na 'yan Agadas ya dogara ne kan yatsu masu gudu da 'yan ƙananan adon nan da ake yi da hannun hagu, abin da kake buƙata shine kowane bugu ya fito tsaf, flanja kaɗan zaka sa don sautin ya riƙa motsi, in ka cika ta sai adon ya nutse. A nan hasken dijital ma taimakonka zai yi.

Tsadar tsohuwar kuma ba wai don tafi aiki bane, an daina ƙera ta ne, masu tara tsofaffin kaya a Turai da Amurka da Japan suna nema, farashin can ya biyo ta har nan. Feda ce da aƙalla ta haura shekara 20 a duniya, wata ma 40, in ta mutu ranar Asabar ana tsakiyar biki ba ka da ta biyu. Ni dai da kuɗin feda ɗaya gareni kuma da ita nake neman abinci, BF-3 zan ɗauka in sa canjin a adafta mai kyau da wayoyi. In kuma kunnenka ya riga ya kamu da son analog ɗin, ba laifi, akwai sababbi masu sauƙin kuɗi da har yanzu BBD ce a cikinsu, kamar Mooer E-Lady wadda aka kwaikwayi Electric Mistress da ita, ko MXR Micro Flanger mai abin murɗawa biyu kacal. Ba dole sai wadda fentinta ya goge ba.

TAMBAYA: Salama Malam. Ina buga jita a cocinmu na sashen Hausa nan wajen Idi-Araba. Fedojina uku ne duk a adafta ɗaya da wayar nan mai rassa, lafiya lau muke zaune har na ƙaro flanja ta dijital, tun ranar wani siririn kuka yake fita a sifika wiiiii ko ban taɓa jitar ba, in aka ɗauke wuta aka tada janareta abin har yafi. Mai kula da sauti yace fedar ce jabu in mayar. In mayar ne?

AMSA: Salama ɗan'uwa, kar ka yi saurin mayarwa, ina kyautata zaton fedarka lafiyarta ƙalau, abincinta ne bai isa ba kuma an haɗa ta kwano ɗaya da waɗanda ba a haɗa ta dasu. Wannan shine babban bambancin analog da dijital da ba a faɗa wa mutane a shago, kuma a garin nan yafi maganar ɗumi da taushi muhimmanci nesa ba kusa ba. Flanja ta analog kamar BF-2 wajen 15mA take ja (mA ma'aunin yawan wutar da take ci ne), BF-3 wajen 40mA, manyan dijital irin na Strymon kuwa sai ka basu 250mA. Ka juya adaftarka ka karanta abin da aka rubuta, ka tara abin da fedojinka huɗu suke ja, in sun kusa cinye abin da adaftar ke bayarwa to ka samo matsala ta farko. Ta biyu kuma, 'yar kwamfutar da ke cikin dijital tana zubo datti a layin wuta, in duk kuna kan waya ɗaya mai rassa sai dattin ya bi ta wayar ya shiga sauran fedojin, musamman in akwai distoshan a ciki, wato fedar nan mai sa jita ƙara da kaushi, ita kuwa aikinta kenan ƙara wa komai ƙarfi, har da kukan.

Gwajin baya cin ko sisi. Ka cire flanjar daga wayar mai rassa ka bata adafta tata ita kaɗai, ko ka sa mata batir in tana ɗauka, ka saurara. In kukan ya ɗauke shikenan ka gano, maganin dindindin shine akwatin wuta irin wanda kowace ƙofa a ware take da 'yar uwarta, yana da ɗan tsada amma sau ɗaya ake saye. In kuma abin da kake ji ba siririn kuka bane, gurnani ne mai kauri huuum, wannan na wutar gari ne mai 50Hz, ka duba ko amf ɗinka da mikisa soket daban-daban suke, ka duba wayoyin jita, sau da yawa wata tsohuwar waya ce da aka naɗe da salatif. Janareta kuma dama wutarsa bata da tsabta, in ana tada shi ko ana maida layi ku kashe amf da fedoji tukuna sai wutar ta zauna.

Sai abu ɗaya da nake roƙonka don na san yadda ake yi a wajen ibada da wajen taro, kowa ya ga adafta a ƙasa sai ya ɗauka in dai bakin ya shiga. Yawancin fedojin jita 9V suke ci kuma tsakiyar bakin nasu − ne, akwai ɗan zane kusa da ƙofar wutar da ke nuna haka. Adaftar kibod da ta dikoda da ta rauta kuwa galibi 12V ne kuma tsakiyarsu +, bakin yana iya shiga daidai, sai dai kawai kaji ƙauri. Ka ɗaura wa taka jan ƙyalle ko ka rubuta suna a jiki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, daga Mile 12 nake rubutowa. Ni fa har yanzu ban gane bambancin flanja da koras da feza ba duk iri ɗaya nake jinsu, kuma ina da Zoom G1X Four duk suna ciki. Sai na sake sayen wata daban?

AMSA: Barka kadai. A'a kar ka saya, abin da ke hannunka ya isheka, flanjar da ke cikin Zoom ɗinka dijital ce kuma tana aiki. Dangi ne su ukun shi yasa kake jin kama. Koras ma jinkiri ne amma nata yafi tsawo, wajen milisakan 20 zuwa 30, sai ka ji kamar jita biyu ke bugawa tare ɗaya ta ɗan kauce, shine sautin nan mai sheƙi da amf ɗin Roland JC-120 ya yi suna dashi tun 1975. Feza kuma ramukanta 'yan kaɗan ne, MXR Phase 90 biyu kacal take yi, shi yasa tata tafiyar tafi laushi kamar ana juya sautin. Flanja ce mai ramuka rututu, kuma ita ce ake maido mata da abin da ta fitar ya sake shiga, nan ƙarar jirgin take fitowa. Ka zauna da hedifon ka buga kod ɗaya ka barshi yana amo har ya mutu, ka kunna su ɗaya bayan ɗaya, kafin la'asar ka ware su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mace ce ina haɗa kiɗa a wani ƙaramin situdiyo a Obalende, waƙoƙin Hausa na zamani da na talla muke yi, a kwamfuta nake komai da FL Studio. Wani mai jita da muke gayyata yace flanjar cikin kwamfuta wasan yara ce, in inason sautin tsofaffin faya-fayai sai na sayi ta analog. Akwai wani sauti da nake nema wanda kamar kiɗan zai ɓace gaba ɗaya na ɗan lokaci sannan ya dawo ta ɗaya gefen, na kasa samu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Abin dariyar shine sautin da kike nema ɗin nan, yawancin fedojin analog ne ma basa iya yinsa, saboda haka mai jitar naki ya tura ki inda ba a sayarwa. Wancan sautin na injin tef ne. Da yake injina biyu ne kowanne da gudunsa, wanda yake baya yana iya kamo na gaba, su daidaita cif, har ya wuce shi. A daidai inda suka haɗu ɗin, in an juya fuskar ɗaya, sai su cinye juna kusan gaba ɗaya, shine wannan ɓacewar kamar an zuƙe iskar ɗakin, sannan ya buɗe ta ɗaya gefen. Feda ta analog ta yau da kullum kuwa sautin kai tsaye kullum shine a gaba, wanda ya bi ta BBD kullum a baya, duk saurin da aisin zata yi ba zata kai jinkiri sifili ba balle ta wuce. Sai an sa wa ɓangaren kai tsayen nasa jinkirin shi ma, akwai 'yan fedojin analog da suka yi haka da layin BBD biyu amma ba su da yawa kuma ba arha. A dijital wannan lissafi ne mai sauƙi, TC Electronic Vortex tana da salon tef, Strymon Deco ma dama don kwaikwayon injin tef biyu aka yi ta.

Ke da kike kan kwamfuta ma ba sai kin sayi komai ba. Ki kwafi layin jitar ya zama biyu, na farko ki sa masa tsayayyen jinkiri kamar milisakan 5, na biyu ki sa masa jinkiri mai motsi daga ƙasa da 5 zuwa sama da 5, ƙarfinsu ya zama daidai wa daida, ki juya fuskar ɗaya, kar ki bar busasshen sauti, wato wanda bai bi ta jinkirin ba, a ko ɗaya. Duk sanda mai motsin ya ratsa ta kan 5 zaki ji abin da kike nema. Kuma kar ki tsaya kan jita kaɗai, a da kan ganguna da kuge ko ma kan kiɗan gaba ɗaya ake sa shi na 'yan daƙiƙu wajen shiga amshi, don flanja tafi fitowa a kan sauti mai yawan ƙwayoyi a sama, wato siraran muryoyin nan masu kaifi. In kina son ɗumin analog ɗin kuma ki sa matata ki aske saman layin mai motsi kaɗan, kusan abin da BBD take yi kenan ba da son ranta ba. Abu ɗaya dai ki kiyaye, yawancin masu jin waƙoƙinku a sifikar waya ɗaya ko 'yar MP suke ji, ki maida haɗin mono ki saurara kafin ki fitar, flanja mai faɗin sitiriyo wani lokaci in aka haɗe ta waje ɗaya sai jitar ta sirance ko ta ɓace inda ba ki so.

Amfanin da feda ke dashi a wajenki guda ɗaya ne, mai jita yana jin ta a ƙafarsa yana bugawa daidai da yadda take numfashi, wannan yana canza yadda yake wasa. Amma in an ɗauka da ita an ɗauka kenan, ba cirewa. Ni a situdiyo nafi son a ɗauki jitar a bushe a sa daga baya.

TAMBAYA: Malam gaba ake sa ta ko bayan distoshan? Kuma yaya ake saita maɓallan nan huɗu, ni duk inda na murɗa sai ta riƙa kuka kamar motar asibiti. Daga Ijora.

AMSA: Duk biyun ana yi. In ka sa ta bayan distoshan jirgin zai fito ƙarara don distoshan ta riga ta cika sautin da ƙwayoyi, flanjar ta sami abin taunawa. In ka sa ta gaba kuma sai ta lafa ta shige cikin sautin, marigayi Eddie Van Halen, shahararren mai jitar nan na Amurka, flanjarsa ta MXR a gaban amf mai ƙuna yake sa ta kuma kowa ya san yadda ta yi masa. Abin lura, ta analog mai 9V in ka turo mata sauti mai ƙarfi sosai daga baya tana iya shaƙewa.

Motar asibitin kuma Rate da Res ne ka cika. Manual shine inda jinkirin yake tsaye, Depth faɗin hawa da saukar, Rate gudunta, Res ko Regen ko Feedback kuma yawan abin da ake maidowa ciki. Ka fara da Rate can ƙasa wajen ƙarfe 9 in ka ɗauki maɓallin kamar agogo, Depth ƙarfe 12, Res ƙarfe 9, Manual a tsakiya. Ƙa'idar ita ce in ka ƙara gudu ka rage faɗi, in ka ƙara faɗi ka rage gudu. In jirgi kake so, Rate ƙasa sosai, Depth da Res sama. In kuma ka kashe Res gaba ɗaya ka karkata Manual wajen dogon jinkiri zaka sami abu mai kama da koras, wanda shi ne zai fi maka amfani a hailaif da kiɗan coci da na biki, jirgin nan sau ɗaya ko biyu a dare ya isa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ba makaɗi bane, ɗan kasuwa ne a Agege, yarona ne ya dage da jita har ƙanina da ke Amurka zai aiko masa da wata MXR M117R da kuma tsohuwar BF-2 da ya samu a can. Me ya kamata mu sani kafin su iso, kar a yi asara?

AMSA: Allah ya ƙara girma Alhaji, kun kyauta da kuka tambaya kafin kayan su iso, yawanci sai an ji ƙauri ake rubuto mana. Abu na farko ku ce wa yaron kar ya soka adaftar da ta zo daga Amurka a bango sai ya karanta jikinta. Wutarsu 120V ce tamu 230V, in an rubuta 100-240V ba matsala, in 120V kaɗai aka rubuta to a ajiye ta a nemi ta nan. Na biyu, M117R ba 9V take ci ba kamar sauran, 18V ce, adaftarta daban, kuma kar a yi kuskuren soka wannan 18V ɗin a BF-2. Ita BF-2 ɗin ma a duba takardar da ke manne a ƙasanta, tsofaffin an yi su ne don wata adafta da ake kira ACA, in ka basu 9V ta zamani sai ka ga fitilar ta yi dishi-dishi sautin ba ƙarfi, mutum ya ɗauka ta lalace alhali lafiyarta lau, da batir zata yi aiki daidai, kuma mai gyaran da ya san aikinsa yana iya daidaita ta cikin 'yan mintuna.

In sun iso a gwada kowane maɓalli a murɗa shi daga farko har ƙarshe ana saurare, in ana jin ƙarar yashi datti ne, feshin wanke lantarki yana maganinsa. A buɗe gidan batir a duba ko wani tsohon batir ya taɓa zubewa a ciki. A rage Rate a saurari hawa da saukar ko tana tafiya sumul ba tsalle ba ƙas-ƙas. In an buɗe cikinta za a ga wasu 'yan ƙananan abin murɗawa a kan allon, dan Allah kar yaro ya sa sukundireba a kansu, da na'ura aka saita su a masana'anta kuma in suka goce maido su aiki ne. Panasonic ta daɗe da daina yin waɗannan aisin, akwai dai wasu kamfanoni kamar Coolaudio da Xvive da ke yin madadinsu, saboda haka ana gyara analog in ta mutu, wanda dijital in ƙwaƙwalwarta ta tafi sai dai a sayi wata, amma ba kowane mai gyaran rediyo ne zai iya ba.

Sai damshin garin nan, Alhaji kun fi ni sanin yadda iskar Legas take cin ƙarfe, musamman da damina. Kar a bar su a ƙasan siminti ko jikin taga, in an gama a goge a sa a jaka tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu cikin kwalin takalmi. In da batir yake amfani ya riƙa zare wayar jita daga ƙofar shiga in ya gama, don muddin tana ciki batirin yana ci ko fedar a kashe take, in kuma zai yi sati bai taɓa ta ba ya cire batirin gaba ɗaya.